Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwaƙwalwar Ɓera da Biri Don Fahimtar Cutar Makyarkyata, da Abin da Ya Shafi Manoman Jega, Aliero da Maiyama

Garin Aliero ya yi suna a kan abu biyu, albasa da ɗori. Daga wurare masu nisa ake kawo wanda ya karye, kuma a yanzu ba abin mamaki ba ne a ga mai jinya riƙe da hoton ƙashi da aka ɗauka a asibiti. Hoton ƙashi ba ya ɓoye komai. In aka ɗaga shi a hasken rana, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai nuna inda ƙashin ya rabu.

Akwai cutar da ba ta da irin wannan hoton. Dattijo yana zaune, hannunsa ɗaya yana rawa a kan cinya kamar mai jan carbi. Tafiyarsa ta koma ƙananan taku yana jan ƙafa, fuskarsa ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, sa maɓallin riga ya zama aiki. Ƙashi lafiya lau, babu rauni ko'ina. A gida sai a ce tsufa ne, wasu su ce iska ko sammu. Likitoci suna kiranta cutar Parkinson, da sunan likitan Ingila James Parkinson wanda ya bayyana ta a 1817, Hausawa kuma suna ce mata makyarkyata ko karkarwa. Ita ce ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ɗauke da ita sun haura miliyan 8.5, kuma yawansu ya ninka cikin shekara 25.

Wannan darasi zai bayyana na'urorin da ake leƙa ƙwaƙwalwa da su, dalilin da ya sa ake fara gwada su a kan ɓera da biri, abin da aka gano, da inda sakamakon ya taɓa rayuwar mai noma a Kebbi.

Abin da ke lalacewa a cikin kai

A ƙasan ƙwaƙwalwa, a saman kututturen da ya haɗa ta da lakar baya, akwai wani ɗan wuri mai duhu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sunansa a Latin substantia nigra, wato baƙin abu. Ƙwayoyin jijiya da ke wurin suna miƙa dogayen zare zuwa wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira striatum, wanda a wannan darasi za a riƙa ce masa tashar motsi. Ta cikin zaren suke zuba wani sinadari mai suna dofamin, kuma da shi ne tashar motsi ke ba jiki damar fara motsi da sauri da santsi.

Mai noman rani zai gane abin da sauƙi. Baƙin abu shi ne jerin injinan ban ruwa a bakin gulbi, zaren su ne tiyo, tashar motsi ita ce fangalin albasa, dofamin kuma shi ne ruwan. In inji ɗaya ya mutu, sauran sukan ƙara ƙoƙari, albasa ba ta nuna komai. Haka na biyu, haka na uku. Sai an rasa da yawa kafin ganye ya fara yaushi. A cutar makyarkyata, kafin hannu ya fara rawa an riga an rasa kusan rabin waɗannan ƙwayoyi, kuma asarar ta ɗauki shekaru tana tafiya a ɓoye.

Dabba ce ta fara nuna muhimmancin dofamin. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye wani magani da ke zuƙe irin waɗannan sinadarai daga ƙwaƙwalwa, suka kwanta suka kasa motsi. Da ya ba su levodopa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, sai suka miƙe. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana ya auna ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi cutar, ya tarar dofamin ya yi ƙasa sosai a tashar motsi. Har yau levodopa ne babban maganin cutar, kuma Carlsson ya samu kyautar Nobel a 2000.

Makyarkyata ba ita kaɗai ba ce a wannan dangi. Akwai cutar Huntington, wadda ake gado: in uwa ko uba na da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. A ita tashar motsi ce da kanta ke ƙanƙancewa, jiki ya riƙa fizge-fizge ba da son mai shi ba.

Me ya sa sai da dabba?

Mai bincike yana son amsar tambayoyi uku: yaushe ƙwayoyin suka fara mutuwa, me hoton na'ura ke nunawa a lokacin, kuma shin abin da hoton ya nuna gaskiya ne? A jikin mutum ba a san ranar da cutar ta fara ba, domin mara lafiya yana zuwa asibiti ne bayan abu ya yi nisa. Ba kuma za a buɗe kan mai rai a ƙirga ƙwayoyin da suka saura don a gwada da hoto ba.

A dabba duka ukun suna yiwuwa. Mai bincike ya san ranar da ya jawo lalacewar, yana iya ɗaukar hoton dabba ɗaya sau da yawa, sannan a ƙarshe ya yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri ya ƙirga ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kamar yadda ake gwada sabon sikeli da dutsen awon da aka san nauyinsa, haka ake gwada na'urar hoto da dabbar da aka san girman asararta.

Na'urori uku da yadda suke aiki

Ta farko ita ce MRI. Mafi yawan ƙwaƙwalwa ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai ƙwayoyin haidurojin da ke aiki kamar ƙananan maganaɗisu. Na'urar tana jera su da wani babban maganaɗisu, ta buge su da igiyar rediyo, sannan ta saurari amon da suke mayarwa sa'ad da suke komawa daidai. Kwamfuta ce ke mayar da amon ya zama hoto. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da tesla. Na asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3, kuma 1.5 ɗin kaɗai ya ninka maganaɗisun doron ƙasa kusan sau 30,000. Ƙwaƙwalwar mutum ta kai kimanin kilo 1.3, ta babban ɓeran gwaji giram 2, ta ƙaramin ɓera kuwa ba ta kai rabin giram ba. Don haka na'urar dabbobi ramin ta ƙarami ne amma ƙarfinta ya fi, tesla 7 ko 9.4 ko 11.7. Irin wannan maganaɗisu sai an jiƙa wayoyinsa a ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. MRI tana nuna siffa da girma, da taruwar ƙarfe a nama, da yanayin zaren jijiya. A 1990 Seiji Ogawa ya gano a kan ɓeraye cewa hoton yana canzawa da yawan iskar shaƙa da ke cikin jini, kuma daga nan aka samo hanyar ganin sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki a kowane lokaci.

Ta biyu ita ce PET. Ita aiki take nunawa. Ana ɗaura wata ƙwaya mai fitar da tururin nukiliya a jikin sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi, a yi allurarsa kaɗan. Duk inda sinadarin ya taru, haske biyu na fita a lokaci ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, zoben na'urar ya kama su ya lissafa inda suka fito. A 1983 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi haka da wani ɗan'uwan levodopa da aka ɗaura wa fulorin-18, aka ga dofamin a ƙwaƙwalwar mutum mai rai a karon farko. A lafiyayye tashar motsi tana haske sosai, a mai makyarkyata hasken ya dusashe. A ƙarshen shekarun 1990 Simon Cherry da abokan aikinsa a Los Angeles suka ƙera ƙaramar PET ta dabbobi, mai iya bambance abu mai faɗin milimita ɗaya zuwa biyu.

PET tana da wata matsala da kuɗi kaɗai ba sa warwarewa. Fulorin-18 yana rasa rabin ƙarfinsa kowane minti 110. Bayan awa tara abin da ya rage kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai, kuma tafiyar mota daga Legas zuwa Jega ta fi haka tsawo. Dole injin da ke sarrafa shi, wato saikulotiron, ya kasance kusa da na'urar.

Ta uku ita ce SPECT, ƙanwar PET. Hotonta bai kai kyan na PET ba, amma sinadarinta ya fi daɗewa: aidin-123 sai bayan awa 13 yake rasa rabi. Gwajin da ake kira DaTscan, wanda Turai ta amince da shi a 2000, Amurka kuma a 2011, yana manne wa bakin zaren dofamin ne ya nuna nawa suka rage.

Yadda ake jawo wa dabba cutar

Ɓera ba ya kamuwa da makyarkyata don kansa, sai an jawo masa. Akwai manyan hanyoyi huɗu.

Ta farko ta fito daga Urban Ungerstedt na Suwidin a 1968. Ana zuba wata guba mai suna 6-OHDA kai tsaye a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwar ɓera, ta kashe ƙwayoyin dofamin na gefen kaɗai. Amfanin wannan shi ne gefen da ba a taɓa ba ya zama ma'auni a cikin hoto ɗaya.

Ta biyu ta zo ne ta hanyar masifa. A 1982 a jihar Kalifoniya, wasu matasa masu allurar ƙwaya suka sandare cikin 'yan kwanaki kamar tsofaffin da suka shekara da cutar. Likita William Langston ya bi diddigi ya gano cewa ƙwayar da aka haɗa musu a ɓoye ta gurɓata da wani sinadari, MPTP. A 1983 aka nuna cewa sinadarin yana yi wa birai daidai abin da ya yi wa mutanen. Tun daga lokacin birin MPTP ya zama dabbar da ta fi kusa da mutum a wannan bincike.

Ta uku magungunan gona ne. Masana sun lura cewa gubar da MPTP ke komawa a cikin ƙwaƙwalwa ta yi kama ƙwarai da farakwat, maganin ciyawan da manoma suka fi sani da sunan Gramoxone. A 2000 kuma Timothy Greenamyre da tawagarsa a Jami'ar Emory ta Amurka suka riƙa ba ɓeraye rotinon kaɗan-kaɗan na makonni. Ƙwayoyin dofamin suka mutu, aka kuma ga dunƙulen furotin irin wanda ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar. Rotinon daga tsiro ake samunsa, kuma shi da danginsa ne ke cikin majimfa, tsiron da aka daɗe ana sa wa kifi maye da shi.

Ta huɗu ita ce ta ƙwayoyin gado. A 1997 aka gano cewa wani furotin mai suna alfa-sinukilin shi ne ke dunƙulewa a ƙwayoyin masu makyarkyata, sai aka fara samar da ɓerayen da ke yin sa fiye da kima. A 2019 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka zuba gurɓataccen furotin ɗin a bangon hanjin ɓera, ya bi wata doguwar jijiya ya hau har ƙwaƙwalwa. A ɓerayen da aka yanke wa jijiyar bai hau ba. A ɓangaren Huntington, an gano ƙwayar gadon a 1993, Gillian Bates ta Landan ta samar da ɓeran farko mai ɗauke da ita a 1996, aka samar da biri a 2008.

Gwaji ɗaya, mataki bayan mataki

Ga yadda aiki da ɓeran 6-OHDA ke tafiya a ɗakin bincike.

1. Kwamitin kula da haƙƙin dabbobi zai duba tsarin ya amince kafin a taɓa ko ɗaya.
2. A ɗauki hoton farko dabbar tana lafiya. Ana sa ta barci da iskar isofuluren, a kafe kanta don kada ya motsa, a riƙa lura da numfashi da zafin jikinta.
3. A zuba gubar a gefe ɗaya, da allurar da aka auna wurin shigarta da ƙasa da milimita. Wani rukunin kuma ruwan gishiri kawai ake zuba masa don a kwatanta.
4. A maimaita hoton bayan makonni, a auna yadda hasken gefen da aka taɓa ke raguwa.
5. A gwada motsi. In aka sa ɓeran a cikin gilashi mai kamar ganga, yakan daina dafa bango da hannun da ke ɗaya gefen. In aka ba shi maganin da ke tunzura dofamin, sai ya riƙa juyawa wuri ɗaya, a ƙirga sau nawa a minti.
6. A ƙarshe a kashe dabbar ba tare da azaba ba, a rina yankakkiyar ƙwaƙwalwar, a ƙirga ƙwayoyin da suka saura, a gwada adadin da abin da hoto ya nuna.

Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ƙa'idoji uku na wannan aiki: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawansu, a rage musu wahala. Hoto yana taimakawa a nan, domin maimakon a yanka rukuni guda kowane mako, ana bin rukuni ɗaya daga farko har ƙarshe.

Abin da aka samu

Babban sakamako shi ne tabbacin cewa na'ura tana ganin asarar tun jiki bai nuna ba. An gani a birai, an kuma gani a mutane. A 1985 Donald Calne da abokan aikinsa a Bankuba ta Kanada suka ɗauki hoton PET na mutum huɗu da suka taɓa allurar MPTP amma ba su da alamar ciwo. Hasken tashar motsinsu ya riga ya ragu.

Na biyu shi ne tiyatar sa waya a ƙwaƙwalwa. A 1990 Hagai Bergman da Thomas Wichmann da Mahlon DeLong suka nuna cewa a birin MPTP akwai wani ɗan wuri a ƙarƙashin tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke aiki fiye da kima, kuma in aka kashe shi sandarewar tana sauƙi. A 1993 Alim-Louis Benabid a birnin Grenoble na Faransa ya fara sa wa marasa lafiya siririyar waya a wurin, tana aika bugun lantarki daga batirin da aka dasa a ƙirji. Wurin bai kai girman ƙwayar wake ba, kuma da MRI ake nemo shi kafin a sa wayar.

Na uku shi ne dashen sababbin ƙwayoyi. A 2017 Jun Takahashi na Jami'ar Kyoto ta Japan ya ba da rahoton dasa ƙwayoyin dofamin da aka raino daga ƙwayoyin jikin mutum a ƙwaƙwalwar birai. An bi su har shekara biyu, MRI tana duba ko ƙari ya tsiro, PET tana duba ko dashen yana yin dofamin. A 2018 aka fara da mutane, a 2025 aka wallafa sakamakon mutum bakwai: ba a ga ƙari ba, kuma PET ta nuna dofamin ya ƙaru. Adadin ya yi kaɗan a ce an samu waraka, amma da hoton birai aka samu ƙarfin halin farawa.

Inda ɓera ke yaudara

Guba tana kashe ƙwayoyin dabba cikin kwanaki ko makonni, cutar mutum kuwa shekaru take ɗauka. Ɓera ba ya wuce shekara biyu zuwa uku a duniya, alhali tsufa shi ne babban abin da ke jawo makyarkyata. Ko baƙin launin da ya ba wurin sunansa, ɓera ba shi da shi; sai a 2019 Miquel Vila na Basilona ya samar da ɓeran da ke yin launin. Maganin barcin da ake ba dabba ma yana canza gudun jini a ƙwaƙwalwa, don haka yana iya canza hoton.

Misali mafi ƙarfi shi ne na wani furotin mai rayar da jijiya, GDNF. Ya yi aiki a ɓeraye, ya yi a birai a 1996. Gwajin mutane da aka wallafa a 2006 bai nuna amfani ba. Aka sake a birnin Bristol na Ingila da mutum 41, aka wallafa a 2019. Hoton PET na waɗanda suka samu maganin ya gyaru a fili, amma bayan wata tara motsinsu bai fi na waɗanda aka ba ruwan banza ba a ma'aunin da aka ɗora gwajin a kai. Hoto ya yi kyau, mara lafiya bai samu sauƙin da za a iya tabbatarwa ba. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da mutuwar ƙwayoyin. Saboda haka duk labarin da ya zo a Facebook ko WhatsApp cewa an gano maganin makyarkyata, tambayar farko ita ce: a ɓera ne ko a mutum?

Daga ɗakin bincike zuwa fadama

Jega da Aliero da Maiyama ƙasar noma ce, ga albasa ga shinkafa ga gero, kuma feshi ya zama ruwan dare a damina da rani. A nan ne binciken ɓera ya zo har ƙofar gida, domin sinadaran da ake kashe ƙwayoyin dofamin da su a ɗakin gwaji sun haɗa da wanda aka daɗe ana zubawa a goyon feshi.

A 2011 Caroline Tanner da abokan aikinta suka wallafa bincike a kan manoman jihohin Iowa da North Carolina na Amurka. Waɗanda suka yi amfani da farakwat ko rotinon sun fi sauran kamuwa da cutar da kusan ninki biyu da rabi. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai isa hujjar cewa maganin ne sanadi a kan kowane mutum ba, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce hujjojin ba su kai ta ga yanke hukunci ba. Duk da haka Tarayyar Turai ta daina amfani da farakwat tun 2007, Faransa ta sa makyarkyata cikin cututtukan sana'ar manoma a 2012, a Najeriya kuma NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Manomi yana iya duba jikin jarka, domin sunan kamfani yana canzawa amma sunan sinadarin yana rubuce a ƙasa. Safar hannu ta roba, takalmin roba, rufe hanci da baki, bin bayan iska lokacin feshi, wanka da sabulu bayan an gama, da daina zuba ruwan sha ko mai a jarkar magani, duk sun fi jinya araha.

Akwai kuma batun gado. Yawancin ɓerayen da aka ƙera an gina su ne a kan ƙwayoyin gadon da aka gano a iyalan Turai da Arewacin Afirka. Ɗaya daga cikinsu, wani sauyi a ƙwayar LRRK2 da ya yawaita a Arewacin Afirka, da aka neme shi a 'yan Najeriya masu cutar kusan ba a same shi ba. A 2023 wata tawaga da ta haɗa da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta gano wani sauyi dabam a ƙwayar GBA1, wanda ya yawaita a mutanen Afirka ta Yamma kuma da wuya a gan shi a Turawa. Mai kwafi ɗaya haɗarinsa ya ƙaru da kusan ninki ɗaya da rabi, mai biyu kuma kusan uku da rabi. Ke nan ɓeran da aka ƙera a kan gadon wasu ba lallai ya ba da labarin mara lafiyan Maiyama ba.

Abin da ɗalibi zai iya yi daga Aliero

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 da Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Jega suna yaye matasan da wannan fanni ke buƙata, kuma shiga fannin bai tsaya a kan mallakar maganaɗisu mai tesla 9.4 ba. Rabin aikin hoto lissafi ne a kwamfuta. Shirin PPMI, wanda gidauniyar Michael J. Fox ta fara a 2010, yana ba masu bincike hotunan MRI da DaTscan na marasa lafiya kyauta bayan rajista. Taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Cibiyar Allen tana buɗe a intanet. Manhajojin FSL da 3D Slicer da ImageJ duk kyauta ne. DeepLabCut, wadda ta fito a 2018, tana bin motsin ƙafar dabba daga bidiyo, ko da na waya ne, ta mayar da shi lambobi. Wanda ya iya Python ya kuma fahimci ƙididdiga yana da abin farawa.

Akwai misalai a kusa. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, inda ake ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta da manyan madubai na zamani. A Jami'ar Mbarara ta Yuganda injiniyoyi sun harhaɗa ƙaramar MRI mai rauni da maganaɗisun da ba ya buƙatar hiliyam. Tambayoyin da suka fi dacewa da Kebbi ma suna nan a buɗe: wane magani ake fesawa a kowace fadama, sau nawa a shekara, da wace kariya, kuma me gaurayen da manomi ke haɗawa da hannunsa ke yi wa jijiyar ɓera ko ta ƙudan gwaji.

Ga iyalin da ke da mai karkarwa a gida

Likita yana gane makyarkyata ne da ido da hannu: jinkirin motsi, tare da rawar hannu a lokacin hutu ko taurin gaɓa, yawanci daga gefe ɗaya. MRI ta yau da kullum a farkon cutar takan fito kamar ta lafiyayye. In likita ya nemi hoto, yana son ya tabbatar ne cewa ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ko ƙari, ko taruwar ruwa a kai. Bai kamata iyali su sayar da buhunan albasa don hoton da likita bai nema ba, da zaton shi ne zai faɗi sunan cutar.

Ya kamata a tafi asibiti da duk magungunan da mara lafiya ke sha, domin wasu magungunan taɓin hankali irin su halofiridol, da maganin amai metokulofiramaid, suna jawo irin wannan sandarewa, kuma takan lafa in likita ya canza su. A gaya wa likita sana'ar mutum da shekarun da ya yi yana feshi. A kuma ambaci raguwar jin ƙamshi, daɗaɗɗen taurin bayan gida, da duka ko ihu a cikin mafarki, domin sukan riga karkarwa da shekaru, ko da yake kowannensu yana iya zuwa da wani dalilin. Daga babban asibitin Jega ko Aliero ko Maiyama ana iya neman takardar turawa zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Levodopa yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya warkar da cutar, amma in aka sha shi a kan ƙa'ida, tare da motsa jiki kullum, mutane da yawa sukan ci gaba da zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsu na tsawon shekaru.